Malam Duk-Ɗaya da Ƙwan Zabin Limawa

Sunansa na yanka Yahuza, amma in ka shigo Limawa kana tambayar gidan Malam Yahuza, sai an kai ka gida uku kafin a dace. Ka ce Malam Duk-Ɗaya, ko akuya ta raka ka. Matarsa Zaituna, wadda yake kira Innar Zulfa, ita ce ta raɗa masa sunan, ba rago ba goro, kuma a idona aka yi, don katanga ɗaya ce tsakanina da su, gajeriya, daidai haɓata. Ba ni na gina ta haka ba, amma ban taɓa kai ƙara ba.

Wata safiya Zaituna ta ɗauko bokitin ƙarfe daga madafi ta ce, "Bokitin nan ya kwana da sanyi." Magana ce irin wadda mace ke yi da iska, ba ta neman amsa. To Malam Yahuza a lokacin yana aikin wanke kwalabe da jera kayan gwaji a ɗakin kimiyya na wata sakandare a nan Dutse, kuma Allah bai yi shi da barin kuskure ya wuce ta gabansa ba. Ya ajiye buta.

"Bai fi turmin nan sanyi ba. Ɗaki ɗaya suka kwana, zafinsu ɗaya."

"Ƙarfe da ice, Malam?"

"Duk ɗaya."

"Hannuna fa ya taɓa."

"Hannunki ne ya ruɗe ki. Ƙarfe yana da saurin kwashe ɗumin hannu, shi ya sa kika ji sanyi. Turmi kuwa nawa gare shi. Duk abu biyu da suka daɗe wuri ɗaya, mai zafi yana miƙa wa mai sanyi har su daidaita."

Zaituna ta ce to. Ni da na ji wannan "to" ɗin na san akwai tuwo a gaba. Bazara ce, irin wadda duwatsun garin nan ke mayar wa rana da martani. Ranar gidan cike yake da mata ana ɓarar gyaɗar iri, har da gwaggonsa da ta zo daga Ringim. Tun hantsi Zaituna ta fitar da kujera 'yar tsuguno da marfin ganga ta jera su a tsakiyar rana. Da Malam ya dawo bayan azahar ta tarbe shi da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ga wurin zama biyu, tun hantsi suke tare. Kujerar ta Gwaggo ce. Kai ka hau marfin, ai duk ɗaya ne."

Ya fara bayani, wai rana daban inuwa daban, wai ko zafinsu ɗaya ne ƙarfe zai fi saurin juye wa mutum nasa. Gwaggo ta tashi ta ja kujerar ta zauna ta ce, "Ni dai na zauna, Yahuza." Mata goma suna kallo. Wandon jikinsa kuma na yadi ne mai shara-shara. Ban taɓa ganin mutum ya miƙe kafin ya gama zama ba sai ranar. Kwana uku a gicciye yake cin tuwo. Gaskiyarsa tana nan a cikin littafi, amma littafi ba shi da mazaunai.

Asalinsa ɗan gidan malamai ne a Ringim. Mahaifinsu ya rasu yana ɗan shekara shida, yayansa Modibbo Habibullahi ya riƙe shi, ya sauke masa Alƙur'ani, sannan ya yi abin da dangi suka yi shekara suna yi masa gori a kai, ya kai shi boko. Karatun bai yi nisa ba. Ya tsaya a inda takarda ke ba mutum tsintsiya da makullin ɗakin gwaji. Shekara ashirin da takwas yana wannan ɗaki. Malamai suna zuwa da digiri, su tambaye shi a ɓoye yadda ake haɗa kayan, su koyar, a yi musu ƙarin girma su wuce. Shi yana nan kamar ƙusa a bango. Da ya yi ritaya aka ba shi darduma da agogon bango, shi kuma ya roƙi abu ɗaya, wani ma'aunin zafi na gilashi, siriri kamar tsinken tsire, mai jan layi a ciki. Muka ce shi ke nan, Malam ya fita kurkuku. Ashe sabo zai gina wa kansa, da hannunsa, a ɗakin da ke kusa da turken awaki.

Mataccen firji ya samo. Ya huda shi, ya sa masa bututu, ya kafa fitilar kananzir a gindi, ya jera tire-tire na ƙarfe masu katako a gefe, ya yanka 'yar taga ya liƙa gilashi. Ya ce akwatin ƙyanƙyasa ne. Na ce masa na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin firji ya yi kwanci ba. Kwana ashirin da ɗaya sai ga 'yan tsaki suna tsiyau-tsiyau a ciki, na haɗiye maganata ba ruwa.

Kowa ya san halin zabuwa. Ta iya zuba ƙwai, ba ta iya zaman uwa ba. Kaza ake ɗora wa, ita kuma goma sha biyar take iya rufewa, ga shi ƙwan zabi sai ya kwana ashirin da takwas, wata kazar tun kafin nan ta gaji ta kama gabanta. Akwatin Malam kuwa yana cin ɗari uku da sittin. Damina na faɗuwa mata suka fara sallama, daga Limawa, daga Garu, daga ƙauyukan hanyar Shuwarin, kowace da ƙwaryarta cike da dusa da ƙwai. Kowace da shaidarta a jikin ɓawo, wata ɗigon lalle, wata gawayi, wata shuɗi. In an ƙyanƙyashe ya ɗauki ɗaya cikin goma. Kuma bai iya cewa a'a ba. Kafin wannan zubi ya fita an kawo wani. Damina zabi, rani kaji.

Aikin ba nauyi gare shi ba, naci gare shi. A juya ƙwai da asuba, a juya da azahar, a juya da magariba. A leƙa jan layin nan duk bayan awa, ya tsaya a kan talatin da bakwai da rabi. Hadari ya taso a ƙara lagwani, rana ta buɗe a rage. Sallar Juma'a a sahun baya yake yi don ya riga kowa fita. Biki, suna, ta'aziyya, duk a tsaye, ƙafa ɗaya a cikin takalmi. Shekara huɗu bai kwana a Ringim ba, garin da in ka shiga mota da safe za ka ci abincin rana a can. Kaza ma takan sauka ta yi wankan ƙasa. Malam Duk-Ɗaya bai samu wannan alfarmar ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai kun san sauran.

Na taɓa tambayarsa ta kan katanga, "Wai tsinken nan naka duba yake yi? Ta ina ya san zafin da ke cikin ƙwai?"

Ya ce, "Iya, bai san komai ba. Zafin jikinsa kawai yake faɗa. Shi ya sa ake barinsa ya zauna da ƙwan, har ya daina karɓa ya daina bayarwa. In layin ya tsaya cak, to sun zo ɗaya, abin da ya faɗa a kansa shi ne na ƙwan."

"To lambobin fa, wa ya aiko da su?"

"Mutane suka yanka. Aka tsoma shi a ƙanƙarar da ke narkewa, inda layin ya tsaya aka ce sifiri. Aka tsoma shi a tafasasshen ruwa aka ce ɗari. Aka raba tsakani. Kamar mudu ne. In geronki ya cika shi, na Zaituna ya cika shi, ba sai an haɗa ku ana gwadawa ba."

Na ce da ma haka ka yi wa matarka bayani tun farko, da wandonka bai shiga maganar ba.

Kada ku ce bai taɓa neman mai karɓarsa ba. A shekara ta biyu ya bar wa Zaituna akwatin yini ɗaya, ya tafi gyaran takardun fansho. Ita kuwa idonta ba ya ganin ƙananan lambobi ta 'yar tagar nan. Sai ta yi abin da duk mai hankali zai yi, ta buɗe, ta zaro tsinken, ta fito da shi bakin ƙofa inda haske yake. Kafin ta gama ƙanƙance ido ya sha iskar waje, layin ya sauka. Ta ce ashe sanyi suke ji, ta ɗaga lagwani. Bayan awa ta sake zarowa, ta sake ganin ya sauka, ta sake ɗagawa. Da Malam ya dawo da la'asar ƙwai ɗari biyu sun nuna, gishiri kawai suke jira. Sati guda yana bin gidaje yana ba da haƙuri. Bai yi mata faɗa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Tun daga ranar makullin ɗakin yake a aljihunsa, ita kuma ko tsintsiya ba ta kai wa bakin ƙofar.

Haka ake har daminar bara. Akwatin cike da ƙwan zabi na mata goma sha bakwai, saura kwana tara su fashe, sai waya ta zo daga Ringim. Modibbo ya kwanta, ya daina cin abinci, kuma ya ce a gaya wa Yahuza in yana da niyyar zuwa to ya zo yanzu.

Ranar na ga mutum yana tafiya ba ya zuwa ko'ina. Ya sa riga ya fito har zaure, ya koma ya leƙa taga. Ya ɗauki hula, ya ajiye. In ya tafi, fitila ta yi yini ɗaya ba mai kula, amanar mata goma sha bakwai ta zama bara-gurbi, wasunsu kuwa da zabin nan suke sa ran fita shekara. In ya zauna kwana tara, wanda ya goya shi ba lalle ya jira ba. Ya nemi wanda zai riƙe masa, kowa ya ce shi bai iya da abin da ya gagari matar gida ba. Yini guda ya ƙare a haka, na biyu ya kama. Aka sake bugowa, aka ce Modibbo ya tambaya sau biyu.

Zaituna ce ta tare shi a bakin turke, yana riƙe da hula a karo na ban san nawa ba.

"Malam, ba ni makullin."

Ya juya hular a hannunsa.

"Na ce ka ba ni. Ko so kake a binne shi kana nan kana gadin ƙwai?"

"Innar Zulfa, na mutane ne."

"Na dafa sau ɗaya, na ji. Kai ma ka zauna a kan marfi sau ɗaya, ka ƙara? Nuna min abin da zan yi, amma ban da wa'azi."

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar an fafe. Ya zaro tsinken, ya ɗaura masa baƙin zare daidai inda layin ya kamata ya tsaya, don kada ta wahala da lamba. Ya ba ta tocila. Ya ce abu uku ne. Kada tsinken ya fito daga akwati ko da wa ya ce. In ta buɗe ta juya ƙwai, ta rufe, ta jira tsawon dafa shayi kafin ta duba, sai layin ya daina motsi. Na uku ya daɗe yana juya shi a baki.

"In hannunki ya faɗi wani abu, zaren ya faɗi wani, ki bi zaren."

"Hannun nawa dai?"

"Na kwana bakwai kawai. In na dawo ki ci gaba da bin hannunki."

Ta karɓi makullin ba ta ce ta yarda ba. Ya fita neman adaidaita zuwa tasha yana waiwaye, kamar mai jego ta bar jariri a kasuwa.

Ranar Laraba, kwanansa biyu da tafiya, aka wuni ana yayyafi. Zaituna ta gama wanke-wanke da ruwan indararo, ta shiga juyin azahar, sai na ji ta kira ni. Na zaga. Na tarar da ita tsugune, hannu ɗaya a kan abin murza lagwani.

"Iya, taɓa tiren nan."

Na taɓa ƙarfen. Zafi rau, har na janye. Na taɓa katakon gefensa, ɗumi-ɗumi kawai.

"Yarinya, rage wutar nan. Wannan ai suya ce."

Allah ya sa ba ni aka bar wa makullin ba. Ta dubi fitila, ta dubi tiren, na ga tana tuna ƙwai ɗari biyu. Yatsunta suna kan abin murzawa. Sai ta rufe ƙofar akwatin, ta zauna a ƙasa, ta ce mu jira. Muka zauna kamar masu zaman makoki, ni ina ta ce mata ana dahuwa a ciki. Da ta ga shayi ya isa tafasa ta haska tocila ta taga. Jan layin ya hau a hankali, ya zo kan baƙin zaren, ya tsaya. Muka ƙara jira. Bai motsa ba. Ta sauke hannunta daga fitilar ta goge a zane.

Ta ce, "Hannuwana ne suka yi sanyi da ruwa." Can kuma ta ce, "Iya, wannan maganar ta tsaya a ɗakin nan."

Na ce haba, ni da ke.

Abin da ya faru a Ringim daga bakinsa na ji. Ya tarar da Modibbo a kwance, ya rame har ba a gane shi, amma hankalinsa garau. Da ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya buɗe ido ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ka bar wa ƙwan?"

"Zaituna, Yaya."

"Wadda ta dafa?"

"Ita."

"Ashe dai kana sona."

Kwana huɗu yana zaune a gefen shimfiɗar, ba agogo ba lagwani. Ya ce hannun Modibbo sanyi ƙalau yake in ya kama, sai ya riƙe shi a cikin nasa, ya yi ta riƙo har ya kasa gane wanne ne nasa. Rana ta huɗu da hantsi Modibbo ya cika, Yahuza yana riƙe da shi. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ya taɓa aiko min da zuma. Aka yi addu'ar uku, Malam ya shigo motar Dutse.

Tun daga zaure ya ji kukan 'yan zabi. Ɗari uku da goma sha ɗaya suka fita cikin ɗari uku da sittin, abin da shi kansa bai taɓa samu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, idonsa ya kawo ruwa, ban san na wanne ba ne a cikin biyun, kuma ban tambaya ba.

Za ku ce to yanzu ya samu mai karɓarsa, ya huta. Ku ba ku san Limawa ba. Labari ya zaga cewa hannun Zaituna ya fi na mijinta albarka, ƙwai suka ninka. Wani bawan Allah ya kawo musu mataccen firji na biyu kyauta, yana ganin taimako ya yi. Da mutum ɗaya ne a ɗaure, yanzu biyu ne, kowa da akwatinsa da fitilarsa. Bikin 'yar ƙanwarta ma da rabi-rabi suka je, ita ta ga kamu, shi ya ga ɗaurin aure.

Amanar da ta ba ni kuwa na riƙe ta kwana biyu cur bayan dawowarsa, wanda duk wanda ya san ni zai ce na yi ƙoƙari. Rana ta uku ya zo kusa da katanga yana ba awaki harawa, maganar ta zame min. Ya ci gaba da zuba harawa. Wata biyu yana ajiye da ita kamar iri.

Ranar da ya fito da ita mata shida ne a tsakar gidan, sun zo karɓar 'yan zabinsu. Wata daga Garu ta tambayi Zaituna sirrin. Zaituna ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗakin akwati.

"Hannu ne, 'yar'uwa. Hannun da ya shekara talatin yana tuƙa tuwo ba ya buƙatar tsinke. Ni ko kallon gilashin nan ban cika yi ba."

Malam ya fito da galan ɗin kananzir, ya ce ai ba a yi haka ba, hannu ba ma'auni ba ne.

"Ka fara ko? Ƙarfe ya fi ice zafi, jiya da yau da gobe. In ka manta, marfin gangar yana nan a bayan rumbu, rana kuma ba ta yi ritaya ba."

Matan suka kwashe da dariya, don ba wadda ba ta san labarin ba. Ya bari suka gama. Ya ajiye galan, ya goge hannu a rigarsa, ya dube ta a natse.

"Na ji, Innar Zulfa. To ranar Larabar nan da ake yayyafi, da tiren ya ƙone ki, me ya hana ki rage lagwanin?"